Ƙulli Bakwai a Takardar Likita

Ku matso cikin inuwa, ku ajiye salular nan tukuna. Kun ce in koya maku sana'ar magani cikin sati guda, don ku zuba gari a leda ku ɗauki hoto ku watsa a waya. To, ni Isuhu Mai Saiwa, shekara arba'in da ɗoriya ke nan ina shimfiɗa tabarma a kasuwar Tasawa, kuma har yau akwai saiwar da in na tono sai na lasa na tofar kafin in yarda ita ce. Na san abin da ya kawo ku. Naman kazan nan ne na jikin kututture, wanda kuka ji an ce yana maganin ciwon daji. Zan ba ku labarinshi, amma sai kun bi ta inda na bi.

Ni ban fara wannan aiki da ƙuruciya ba. Da gemuna na fara, bayan na gwada ɗinki na ɓata ma mutane yadi, har wani ya biyo ni gida da wandon sallarshi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo da taƙi guda. Uwata ta gaji da ba da haƙuri, ta hau amalanke da ni zuwa Kona, ta damƙa ni ga wanta, Kawu Nomau, wanda duk yankin nan aka sani da magani. Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba laifi, ƙato ne, zai iya tono. Ya miƙo mani dagi da ɗan gatari da burgami na fatar akuya. Su ne kayan aikina har yau, ga su nan, ƙotar gatarin kawai na sake sau huɗu. Shekara biyu ba ni da aiki sai tono da ɗauka da shanya. Ya koya mani a sassaƙi ɓawo ta gabas da ta yamma, kada a kewaye icce a kashe shi. Ya koya mani a mayar da ƙasa in an yanki saiwa, a shanya ganye a inuwa ba a rana ba. In na tambayi amfanin wani abu sai ya ce in tauna in ji.

Aikin da ba ni mantawa shi ne na filasko. Wata safiya Kawu zai tafi gona, ya bar mani ganyen a ƙwarya ya ce in jiƙa, in auna ma wani direba da cikinshi ya ɗaure. Ban san awon ba, girman kai kuma ya hana ni cewa ban sani ba. Sai na tambayi ɗiyarshi Tsahara, wadda ke daka mashi magani tun tana ƙarama. Taubashiyata ce, kun kuwa san abin da ke tsakanin taubasai, ba ta ganina ta ƙyale, ba ni ganinta in ƙyale. Ta yi fuskar mutanen kirki ta ce ai mai magani na gaskiya shi ke fara shan moɗa biyu, don ya san ƙarfin abin da zai ba jama'a. Na sha moɗa biyu. Direba ya zo bai same ni ba, ya dawo da la'asar bai same ni ba. Ina can bayan gari gindin wata sabara, ni da ita har muka saba. Da na dawo ina dafa danga, Tsahara ta fizge hulata ta ce a sa ta cikin kayan gado tunda mai ita ya kusa. Tun daga ranar, duk inda muka haɗu sai ta kai hannun dama ta cire mani hula, ni kuma in ce mata mai ƙuli-ƙulin karya haƙori. A haka muka tsufa. Kawu ko faɗa bai yi mata ba, cewa ya yi yanzu na san awon filasko.

Amma babban abin da na koya wurin Kawu ba ya cikin burgami. Sharaɗi ne. Wani dillalin shanu ya zo mashi da ƙwannafi, ƙirji na ci dare da rana. Mutumin nan ba ya cin tuwo sai ya rufe shi da yaji, shayi kuwa ba ya sauka daga kan gawayi. Matarshi ta yi magana, majo, wato babban malamin asibitin garin, ya yi magana, ya ce kowa ya ji da kanshi. Kawu ya ƙulla mashi garin kalgo, ya rage murya ya ce wannan magani yana da sharaɗi: in ya haɗu da yaji ko shayi a ciki ɗaya kafin kwana arba'in, to, babu ruwan Nomau da abin da zai biyo baya. Bai faɗi abin da zai biyo bayan ba. Dillali ya yi kwana arba'in ko ta layin masu barkono ba ya bi. Ya warke sarai, ya riƙa yawo yana yabon garin kalgo. Da na tambayi Kawu, ya ce mutumin ƙasar nan in ka ba shi shawara sai ya ce ka raina shi, amma in ka ce sharaɗin magani ne, ko da baya ka ce ya riƙa tafiya zai yi. Na ga matar da daka ya cinye ma ƙugu, Kawu ya sa mata sharaɗin kada ta taɓa taɓarya wata biyu, kuma a gaban mijin ya faɗa. Mijin da kanshi ya riƙa kai hatsi inji.

Sai dai ba duk abin da Kawu ya bar mani ne alheri ba, Allah ya jiƙanshi. Akwai maganar da ya gada wurin nashi maigidan, ni ma na gada wurinshi, wai daji ba ya son ƙarfe. In ƙari ya fito ma mutum, kada allura ta taɓa shi, kada wuƙar likita ta taɓa shi, in ba haka ba sai ya fusata ya bazu. Haka kowa ke faɗi, ni ma na faɗa da baki cike, shekara da shekaru.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina ba ta fari ba ce, an ma samu hatsi. Wani makiyayi ne, Bello, daga wajen Mairairai, ya zo da kumburi a wuya, bai kai ƙwan zabo ba. Majo ya riga ya rubuta mashi takarda zuwa Maraɗi. Ya biyo ta wurina ne don ya ji ta bakina. Na faɗa mashi abin da Kawu ya ce. Ranar ledata ta ƙare, sai na karɓi takardar majon daga hannunshi na ƙulla mashi gari a ciki. Daga kaka zuwa bazara ina ba shi na sha da na shafawa da na turare, kumburin na ƙaruwa har ya kai ƙoƙo. Lokacin da danginshi suka ɗora shi a mota, likitoci suka ce an makara. Bayan an share makoki wanshi ya zo har nan, ya durƙusa inda kuke zaune, ya yi mani godiya, ya ce na yi ƙoƙari. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na ji kunya, na ji tsoron Allah, kuma daga ranar ban ƙara cewa daji ba ya son ƙarfe ba. Amma ku lura, dainawa kawai na yi. Ban tashi tsaye a kasuwa na ce ba gaskiya ba ce, don maganar ta Kawu ce, ni kuma da sunanshi nake cin abinci.

Yanzu ga naman kazan naku. Ba irin mai laima ba ne da ke fitowa kan juji bayan ruwa. Wannan a jikin mataccen kututture yake fitowa, can ƙarshen damina, ja-ja mai ƙyalli kamar an shafa mashi mai, ga tauri. Da gatari ake ɓamɓaro shi. Sai ka yanka shi ƙanana tun yana ɗanye, don in ya bushe a dunƙule taɓarya tsalle take yi a kanshi. In ya daku ma ba gari sosai yake zama ba, sai wani abu soso-soso da ke toshe rariya. Ɗaci kuwa, maɗaci ƙanenshi ne. Kawu yana ba da shi ga wanda ya tashi daga jinya ba ya cin abinci, iyakar abin da na sani ke nan. Can ƙasan buhu nake ajiye shi, sai in shekara ban sayar da uku ba.

Ana nan sai Rakiya, ɗiyar maƙwabcina da ke karatun haɗa magunguna a jami'a, ta zo ranar kasuwa da safar hannu da ƴan ledoji da littafi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Baba Isuhu, naman kazan kututture take nema, za su kai labo, ɗakin gwaje-gwajensu. Ta ce a wasu ƙasashe an daɗe ana binciken danginshi, an samu wasu sinadarai a ciki, molekil ta kira su, waɗanda ake zaton suna taya jiki faɗa da ciwon daji. Na gyara zama. Na ce ashe da maganin daji nake kwana a buhu ban sani ba. Ta ce a'a, in dakata. Wai yawancin abin da aka gani, a cikin wani ɗan faranti na gilashi aka gan shi, sai kuma a jikin ɓeraye. Na ce ɓera kuma, wa ya kai ɓera asibiti? Ta yi dariya, sannan ta faɗa mani maganar da na riƙe har yau.

"Baba, a cikin faranti ko ruwan toka ka zuba zai kashe ƙwayar daji. Mutum ba faranti ba ne. Kafin a ce abu magani ne sai an san nawa za a sha, wa zai sha, me zai yi ma hanta. Aiki ne na shekaru, kuma yana iya ƙarewa a ce babu komai a ciki."

Na ce na gane, kamar filasko ne, sai an san awo, kuma gara a fara da ɓera da a fara da ni. Na juye mata wanda ke buhu, na rage ɗan guntu. Da za ta tafi ta ce in riƙe guda ɗaya ta ɗauke ni hoto don littafinta. Na gyara hula na riƙe.

Abin da ban lura da shi ba, wanzamin da ke damana da mai gyaran rediyon da ke haguna duk sun kasa kunne, wani ma ya ɗauki nashi hoton ta bayan Rakiya. Sun ji daji, sun ji labo, sun ji jami'a. Faranti da ɓera kam ba su shiga kunnensu ba. Kafin kasuwa ta zagayo hotona ya isa Mayahi, ya isa garin Sarkin Hausa, ya tsallaka iyaka. Wani ya ɗora murya a kai, wai Turawa sun tabbatar da maganin daji a hannun wani tsoho a Tasawa, wai jirgi na nan zuwa ɗaukata. Matata ta tare ni a ƙofar gida ta ce in da ita za a tafi in faɗa mata da wuri ta yi kitso. Samari suka bazama daji da gatura, kututturen da ya shekara talatin ba wanda ya dube shi ya zama abin rigima. Maƙwabcin gonata ya kewaye nashi da ƙaya, yana kai mashi ruwa a jarka safe da yamma, geronshi kuwa ciyawa ta cinye. Waɗanda ba su samu ba suka koma tsintar na juji. Wani ya daka busasshen ƙoƙo da jar ƙasa ya zuba a leda. Duk ledar da ka ɗauka fuskata ce a jiki. Na je na ce ma ɗayansu wannan ai ni ne, ya dube ni ya dubi ledar ya ce in kawo shaida.

Na yi ta faɗa ma mutane abin da Rakiya ta ce, faranti da ɓera da komai. Sai suka ce ɓoyewa nake, na riga na sayar ma Turawa.

Ana cikin wannan hauka Tsahara ta zo. A Kona ta yi aure ta tsufa, jikoki sun cika gida, kowace kasuwa tana kawo ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta ajiye tasarta, ta cire mani hula kamar kullum, na zage ta kamar kullum. Sai da ta zauna na lura da hannun hagu ta cire. Na daman yana manne da jikinta ƙarƙashin mayafi. Ta yi ta kewaye-kewaye, tsadar gyaɗa, lalacewar hanya, sannan ta ce wata ƙawarta ce ke da ɗan ƙullutu a nono wajen hammata, wata biyar ke nan, tana son naman kazan. Na ce wace ƙawa, ke da bakinki bai bar maki ƙawa ko ɗaya ba a Kona? Ba ta rama ba. Tsahara, wadda ko mai gari ba ya faɗa mata ta yi shiru. Nan na gane ƙawar ita ce da kanta.

Na faɗa mata gaskiya ba kwana-kwana. Na ba ta labarin Bello, wanda ban taɓa ba kowa ba. Na ce abin nan ba a tabbatar da shi ba, ƙawar nan ta shiga mota gobe da safe ta tafi Maraɗi. Ta miƙe tsaye.

"Ni za ka miƙa ma wuƙa, Isuhu? Ubana da ya koya maka cin abinci ya ce daji ba ya son ƙarfe. In hana ni za ka yi ka ce ka hana. Ga yara can da hotonka, wurinsu zan saya."

Ta ma manta da ƙawar. Ina kallonta tana kokawar ɗora tasa a ka da hannu ɗaya. Na san abin da ke cikin ledojin can, kuma na san in ta bar rumfar nan ba zan ƙara jin maganar ba sai abin ya kai ƙoƙo. Gaskiya ta ƙi ci. Sai dillalin shanun nan ya faɗo mani a rai.

Na ce ta dawo ta zauna. Na waiga dama da hagu, na rage murya yadda Kawu ke yi. Na ce na yaran can ko na gaskiya ne ba zai ci ba, don ba su san sharaɗinshi ba, ni kaɗai Kawu ya faɗa ma dab da rasuwarshi. Na ce wannan magani ba a ƙulla shi a leda ko tsumma, sai a takardar likita mai hatimi, mai sunan mai ciwon. Ƙulli bakwai ake yi, a takarda bakwai daban-daban, kowace sai likita ya yi aikin da ya rubuta a cikinta. Ba a shan ko ɗaya sai bakwai ɗin sun cika. Kuma da zarar an ƙulla na farko da sunan mutum, ƙarfe ba ya ƙara fusata dajinshi. Allah ya yafe mani, na ɗora ma mamaci ƙarya a gaban ɗiyarshi. Na ɗebo ɗan guntun da ya rage mani don in nuna mata, hannuna na rawa har rabi ya zube a tabarma.

Ta dubi garin da ya zube a tabarma. Sannan ta ce in likita ya ce zai yanka fa? Na ce takardar yanka ita ce uwar ƙullin, in babu ita sauran shidan banza ne. Ta ɗauki tasarta ta tafi, ko sallama ba ta yi mani ba. Bakwai ɗin nan da ka na faɗe shi, ban san yawan takardun asibiti ba. Da na kira Rakiya na faɗa mata abin da na yi, sai ta ce bakwai ba ta yi yawa ba. Ta ce abu ɗaya na yi daidai da na hana a sha, don ba a haɗa irin wannan da maganin asibiti likita bai sani ba.

Kwana uku bayan nan aka ce mani an ga Tsahara a tasha da babbar ɗiyarta. Daga Maraɗi aka tura su Yamai. Takarda ta farko ta iso a hannun direba, na wanke hannu na ƙulla gari a ciki na rataye a ginshiƙin rumfa. Washegari ɗiyar ta kira ni hankali tashe, wai likita na neman takardarshi. Dole na kwance, na kakkaɓe, na goge da gefen riga na mayar. Na ce daga yau su riƙa aiko fotokopi, har da na ta farkon. Tsahara ta fizge wayar ta ce kwafi zai ci kuwa? Na ce maganin bai shiga lakwal ya yi boko ba, ba ya bambance kwafi da ta asali.

Ta biyu ta zo, ta ɗibar tsoka don awo. Ta uku ta zo, ita ce uwar ƙullin, an cire nonon gaba ɗaya. Ranar ban iya ciniki ba, na naɗe tabarma tun kafin azahar. A ta huɗu aka fara ƙara mata wani ruwa da ke zubar da gashi, yana sa amai. Ta kira ni ta ce ta gaji, gida za ta dawo, in jiƙa mata huɗun haka nan. Na ce Kawu ya ce ƙulli huɗu ko ƙaiƙayi ba ya magani. Ta zage ni tas, ta haɗa da hancina da wandon da na ɗinka da sabarar bayan gari, har katin wayarta ya ƙare. Na ji daɗin zagin nan ƙwarai, don mai shirin mutuwa ba ya tuna wando. Ta zauna aka ci gaba.

A nan kasuwa kuwa mutane suka fara tambayar ƙulle-ƙullen da ke rataye. Na ga tunda ƙaryar ta riga ta fita, gara ta yi aiki. Duk wanda ya zo da kumburi ko ƙari na karanta mashi sharaɗin. Majo ya aiko yana tambaya me ya sami mutane, kowa sai a duba shi a buga mashi hatimi, har da waɗanda a da ko ta ƙofar likita ba su bi. Wani dattijo ya kawo mani takardar allurar shanunshi, ya ce ai ita ma likita ne ya buga. Na ce ba laifi, to saniyar ce za ta sha. Masu ledoji suka yi ta zagina wai na kashe masu kasuwa, alhali da fuskata suke ci.

Bayan an gama yankan gero Tsahara ta dawo. Da kanta ta kawo ta bakwai. Ta rame, kallabi ɗaure tam, amma da ƙafarta ta tako daga tasha. Likitoci sun ce an tare abin da sauran lokaci, sai dai ta riƙa komawa ana dubawa. Na ƙulla na bakwai, na sauko da shidan, na jera su gabanta, na fara bayanin yadda ake tafasawa. Ta ɗaga mani hannu.

"Isuhu, ni na daka ma Baba magani shekara goma kafin ka zo da wandonka mai ƙafa ɗaya. Baba bai taɓa riƙe takardar likita ba. Kuma ni ke riƙe da kanshi ranar da ya cika. Maganarshi ta ƙarshe, a ɗaure akuya kada ta shiga wake."

Na ajiye ƙullin da ke hannuna. Da kyar na ce to me ya sa ta tafi.

"Shekara arba'in ina ganin kana ƙulla gari, ban taɓa ganin ka zubar ba sai ran nan. Na ce abin da ya sa ƙaton nan rawar hannu har ya yi ma Baba ƙarya ba na wasa ba ne. Tsoro nake ji. In tashi da ƙafata in je in ce a yanka ni, ban iya ba. Amma sharaɗi, ai dole ne."

Maganin kuwa ko lasa ba ta yi ba, ta ce in kai ma ɓerayen Rakiya. Sannan ta ce ita ma tana da nata sharaɗin, in ba haka ba za ta faɗa ma duk dangi na yi ma mamaci ƙage. In tashi yanzu, kasuwa na ci, in faɗi abin da na ƙi faɗi tun rasuwar Bello. Na tashi. Na hau kan turmi na ce jama'a, maganar da muka daɗe muna yi cewa daji ba ya son ƙarfe, kuskure ne, ni na faɗa, Kawu Nomau ya faɗa, kuma mun yi kuskure. Ga ɗiyarshi nan, ƙarfe ya taɓa ta, ga ta tsaye. Wanzami ya ce shi dama ya sani. Tsahara ta ce ya rufe mana baki.

To, ga ƙullin nan bakwai bisa kanku, ban kwance su ba. Rakiya na can har yanzu tana fama da farantinta. Ko wata rana wani abu zai fito daga naman kazan nan ya zama ƙwaya a farmasi, Allah ya sani, ni ban sani ba, ku ma ba ku sani ba. Wanda ke son sana'ar a cikinku ga dagi nan, ya zo gobe da safe, shekara biyu na tono. Wanda kuma ya sa fuskata a leda ya ba mai ƙari, ni da shi ne har gaban mai gari.

Ranar nan da Tsahara ta kawo ta bakwai, da ta tashi tafiya, ta tsaya gabana kamar ta manta wani abu. Sai na ga tana ɗaga hannun dama. A hankali yake tafiya, ɗinkin na janta, ta cije leɓe. Ya kai kafaɗarta ya tsaya, ya ƙi wucewa. Na hagun na nan lafiya lau, amma ta ƙi amfani da shi. Na duba dama da hagu, sannan na sunkuyar da kai har hular ta iso hannunta.